Takardar lauyoyin Legas ta iso Mabera

Maman Iklima:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nika nema, don tun shekaranjiya ban yi kwanan kirki ba. Waɗanda sunka san ni sun san shekara shida ke nan ina haɗa garin kunu da yaji cikin gida nan Mabera, Sakkwato, ni da 'yan mata huɗu masu taya ni. Muna ƙullawa ga leda mai suna muna ba masu shago. Ranar Litinin wani yaro mai kabu-kabu ya kawo min ambulan, takarda shafi ukku da Turanci, daga ofishin wasu lauyoyi na Legas. Ɗana ya karanta min. Wai sunan da nika bugawa ga ledata ya yi kama da na wani kamfani da sunka yi ma rajista, har kalar ledar wai tasu ce. Sun ba ni kwana 14 in daina, in ƙone ledojin da sunka rage, in sa hannu ba ni ƙarawa, in ba haka ba mu gamu kotu kuma in biya diyya. Watan jiya na kai aikin buga leda dubu goma Kano, da kuɗin adashe na biya, ko kwata ban ci ba. Kuma sunan nan wallahi kalmar Hausa ce da kowace mace ka faɗi wurin girki. Ina da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Mi ya kamata in yi?

Abu Sudais:
Subhanallahi. Hajiya kar ki sa hannu a komai tukuna. Barista yana cikin gidan nan, bari ya leƙo.

Barista na Arkilla:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, Allah ya kawo mafita. Kar ki sa hannu, kar ki ƙone leda ko ɗaya, kuma kar ki tura takardar ƙarƙashin katifa ki yi shiru. Irin wannan takarda ana amsa ta, lauya ne kuma zai amsa.

Takardar CAC rajistar sunan kasuwanci ce kawai. Tambarin da ake bugawa a jikin kaya wurin rajistarsa daban ne, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, kuma dokar 1965 ce har yau ake aiki da ita, da 'yan gyare-gyare. Idan mutum ya nemi rajista ana bugawa a mujallar ofishin, a ba mai ƙorafi wata biyu. To wa ke karanta wannan mujalla a Mabera? Su kuwa manyan kamfanoni suna da lauyan da aikinsa ke nan. Duk da haka kina da madafa. Wanda ya riga kowa amfani da suna, bai kuma yanke ba, dokar ta kare shi. Kalmar da ke faɗin abin da kayan yake, kamar gero ko daddawa, da wuya wani ya mallake ta shi kaɗai. Batun kala kuwa, a 2004 Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakanin Ferodo na Ingila da Ibeto na Nnewi kan kwalin takalmin birki. Ferodo ya ce an kwaikwayi kalolin kwalinsa, kotu ta ce sunan aka yi wa rajista, ja da baƙi da fari na kwali ba su zama nasa ba. Babban ne ya sha ƙasa. Amma fa Ibeto yana da ƙarfin bin shari'a tun daga Babbar Kotun Tarayya har ƙoli, shekara da shekaru. Wanda ya rubuto miki ya san ba ki da wannan ƙarfin, kuma a kansa ya dogara. Rubuta takardar bai ci masa awa ɗaya ba, ke kuma ta hana ki barci kwana uku. Mafi yawan irin waɗannan takardu ba sa kaiwa gaban alƙali, tun a ƙofar gida mutum yake sallamawa.

Ki tattaro min duk wani rasit, tsohuwar leda, hotunan Facebook masu kwanan wata, da saƙonnin masu shago tun shekarar farko.

Ɗalibin Danfodiyo:
Barista ranka ya daɗe, ni abin da ke ɗaure min kai shi ne ta yaya aka yi mutum yake mallakar kalma ko kala tun farko? Wa ya zauna ya ce haka doka za ta kasance?

Mai Kemis Runjin Sambo:
Ƙanena wannan tambayar ita ce maganar. Shekara 22 ina bayan kanta, kuma a kan magani na fara gane yadda abin yake.

Kafin 1995 kowace ƙasa tana da damar tsara dokarta. Indiya a dokarta ta 1970 ta ce ba ta ba kowa mallakar ƙwayar magani ita kanta, sai dai hanyar haɗa ta. In ka gano wata hanyar ka haɗa maganin, bismillah. Shi ya sa yau rabin kantata ɗan Indiya ne. Wannan bai yi wa manyan kamfanonin Amurka daɗi ba. A 1986 shugabannin kamfanoni goma sha wani abu suka kafa kwamiti, a gaba akwai Edmund Pratt na Pfizer da John Opel na IBM. Suka jawo takwarorinsu na Turai da Japan, suka rubuta abin da suke so, suka miƙa wa gwamnatocinsu su shigar cikin tattaunawar cinikin duniya. Dabarar a nan take. Da a teburin masana lafiya aka kai maganar da ba ta wuce ba, sai aka ɗaure ta da kasuwa: kana son ka sayar da audugarka da tufafinka a ƙasashenmu, to ka amince da mallakar ƙirƙira ta shekara 20. Aka sa hannu a Marrakesh a 1994, yarjejeniyar TRIPS ke nan, ta fara aiki 1 ga Janairu 1995 tare da Hukumar Cinikayya ta Duniya. Najeriya tana ciki.

Bayan kamun ƙafa sai kotu. A 1997 Afirka ta Kudu ta yi dokar da za ta ba ta damar shigo da magani mai sauƙi, lokacin ƙanjamau yana cin mutane kamar wutar daji. A 1998 kamfanonin magani 39 suka maka gwamnatin Mandela a kotu. Gwamnatin Amurka kuma ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda take sa wa ido kan ciniki. Kun ga hannu biyu ke nan, lauya a Pretoria, ɗan kamun ƙafa a Washington. Maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000 a lokacin. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi a dala 350. Masu ciwon suka cika titi suka cika harabar kotu, duniya ta yi ca, a Afrilun 2001 kamfanonin suka janye ƙarar. Ba su ci shari'a ba, amma shekara uku dokar tana rataye. Ku lissafa mutanen da aka binne cikin shekara ukun nan. Duk ranar da na miƙa wa wata uwa maganin ɗan Indiya da kuɗinta ya kai, wannan shari'ar nake tunawa.

Abu Sudais:
To ai magana ta ƙare. Wannan mallakar fasaha duk fashi ne da biro. A soke ta gaba ɗaya kowa ya huta.

Anti Marubuciya:
A'a Abu Sudais, a nan ba na tare da kai, kuma raina yana ɓaci in na ji ana faɗin haka. Littafina na ƙarshe wata takwas na yi ina rubuta shi a waya, da daddare bayan yara sun kwanta, har idona ya fara ciwo. Na sa shi naira 500. Kwana biyu da fitarsa na gan shi a wani zauren WhatsApp kyauta, an cire sunana an sa na wata. Wani kuma ya karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. In aka soke dokar, ni aka fara yankawa, ba Pfizer ba. Haka 'yan fim da mawaƙa, ka je ka ga yadda ake tura aikinsu a memori a bakin kasuwa kan kuɗin da bai kai na ruwan leda biyar ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta ba da damar a nemi a sauke aikin da aka sace a intanet. Kana tsammani daga sama ta faɗo? 'Yan fim da mawaƙa da masu ɗab'i ne suka yi ta safa da marwa a majalisa shekara da shekaru. Shi ma kamun ƙafa ne, kuma ina godiya da shi.

Mai Kemis Runjin Sambo:
Anti ban ce a soke ba wallahi. Wanda ya kashe dukiya ya gano magani ya cancanci ya ci riba. Abin da nake ƙi shi ne in wa'adi ya kusa cika a ɗan taɓa maganin a nemi wata shekara 20. Novartis ya nemi haka a Indiya kan Glivec, maganin sankarar jini, ya bi har Kotun Ƙolinsu, a Afrilun 2013 kotun ta ce a'a, saboda dokarsu ta ce sai an nuna sabon ya fi tsohon aiki a jikin majiyyaci. Layi ɗaya a cikin doka, shi ya tsare miliyoyin mutane. Maganin Humira kuwa a Amurka an zagaye shi da takardun mallaka sama da 130. Turai ta samu makamancinsa mai sauƙi tun 2018, Amurkawa sai 2023.

Sannan akwai wata dabarar da ta fi ba ni tsoro, ta haɗa jabu da halastaccen magani mai sauƙi a kwando ɗaya. Kenya ta yi dokar yaƙi da jabu a 2008, aka faɗaɗa ma'anar jabu har tana neman haɗiye ɗan Indiya mai inganci. Mutum uku masu ɗauke da ƙanjamau suka kai ƙara, a 2012 babbar kotu ta ba su gaskiya. Ni na fi kowa ƙin jabu, na ga yaron da ya sha maganin zazzaɓi na alli. Amma jabu daban, mai sauƙi daban.

Anti Marubuciya:
Wannan na yarda. Ko a fagenmu akwai irinsa. A 1998 Amurka ta ƙara wa haƙƙin mallaka shekara 20, na kamfanoni ya tashi daga 75 zuwa 95, kuma Disney yana cikin waɗanda suka fi matsa lamba don Mickey Mouse na 1928 ya kusa kuɓuce musu. Aka kai ƙara, Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da dokar a 2003. Sai 1 ga Janairu 2024 ya fita. Wanda ya zana shi ya daɗe a kabari, ƙarin shekarun bai sa shi ya ƙara zana komai ba. Ni ba shekara 95 nake nema ba. In samu wata shida ba a sace min ba ya ishe ni in mayar da kuɗina.

Malam na Ƙofar Marke:
Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga sama. Malamai sun duba wannan mas'ala. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kiyaye, bai halatta a yi ta'adi a kanta ba. Don haka wanda ya cire sunan 'yar'uwarmu daga littafinta ya ci haƙƙi, sai ya nemi yafiyarta. Amma addinin da ya faɗi haka shi ne ya ce babu mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai laifi, kuma ya yi gargaɗi mai tsanani kan ɓoye ilimi. Mu nan garin shaida ne. Littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u da hannu aka yi ta kwafarsu gari gari, babu wanda ya nemi ko ƙwandala, amma babu mai kwafar da ya isa ya goge sunan mawallafi.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarin Hajiya shi ne hadisin Ummu Salama, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kuna kawo min shari'a, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja in yanke masa bisa abin da na ji, to wanda na yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa yankin wuta na yankar masa. Lauyan da ya san ba shi da gaskiya ya aika takarda don ya tsorata mace mai neman halak ɗinta, ya ji tsoron wannan.

Maman Iklima:
Allah shi gafarta Malam, na gode. Wallahi sai yanzu hankalina ya ɗan kwanta.

Alhaji Mai Albasa:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma wagga magana ta shafe ni. Shekara talatin ina ɗaukar albasa Gada da Goronyo da Wurno har Aliero, ina kaiwa Kurmi. Ku da kuka maganar Amurka, ku tsallaka Illela ku wuce Ƙonni kaɗan, ga Galmi nan. Albasarsu ja mai ɗaukar ajiya, kaka da kakanni sunka zaɓe irinta. Wani kamfanin iri na Senegal ya tafi OAPI, hukumar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde, ya nemi a ba shi mallakar iri da sunan albasar Galmi. Manoman Nijar sunka ji, sunka tashi tsaye da gwamnatinsu, ba a ba shi da wanga suna ba. Ba su tsaya nan ba, sunka bi har anka yi ma albasar Galmi rajista da sunan yankinta, anka yi ma kilishin Nijar. Yanzu in ka ga buhu an rubuta Galmi akwai doka bayanshi. Mu fa? Albasarmu in ta isa Legas sunanta albasar Hausa, in ta ƙetare ruwa ba ta da suna ko kaɗan. Muna da ƙungiya, muna taro kan haraji da shingen hanya da kuɗin mota, ban taɓa jin mun zauna kan suna ba.

Baduku Cikin Gari:
Alhaji ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Fatar jar akuyarmu tun zamanin ayari ake ɗaukarta a ƙetare Sahara, ta isa Turai ta hannun 'yan Maroko, sai Turawa sunka raɗa mata fatar Maroko. Da ita sunka yi bangon manyan littattafansu. Ubana da bagaruwa shika jima, da karan dafi shika rini, in ka naɗe kirgin ga hannu kamar ƙyalle. Yau ɗanyar fata aka kwasa a kai waje, ta dawo jaka da tambarin wani, kuɗin guda ya fi abin da nika samu wata shida. Kuma na ji 'yan Nijar sun yi ma fatar jar akuyar Maraɗi tambarin haɗin gwiwa. Akuya guda ce fa, iyaka ce ta raba. Barista, mu mi ya hana?

Barista na Arkilla:
Baba, doka ce babu. Nijar tana cikin OAPI, ƙasashe 17 masu ofishi ɗaya, kuma tsarinsu ya tanadi rajistar kaya da sunan yankin da suka fito. Najeriya ba ta ciki, kuma ba mu da doka ta musamman kan wannan. Dokar ƙirƙira tamu ta 1970 ce, ta tambari ta 1965. Amma ku duba wadda ta samu wucewa: dokar kare sababbin irin shuka, an sa mata hannu a 2021, an gina ta kan tsarin UPOV na 1991, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan mallakar sabon iri. Tana ba wanda ya samar da sabon iri haƙƙin shekara 20, itatuwa 25. Me ya sa wannan ta wuce, ta jar akuya ba ta wuce ba? Kamfanonin iri da masu ba da tallafi suna da masu rubuta musu daftari, suna da masu kwana a Abuja, suna da kuɗin shirya taron bita. Baduku da mai albasa ba su da kowa a zauren.

Ina so a fahimce ni, kamun ƙafa ba lallai cin hanci ba ne. Yawancinsa a fili ake yi. Kwamitin majalisa zai kira zaman jin ra'ayin jama'a, a buga sanarwa a jaridar Turanci, a ba da 'yan kwanaki. Wanda ya zo da takarda shafi 40 da lauyoyi uku, ɗan majalisar da bai san fannin ba daga takardarsa zai kwafa. Na taɓa halartar irin wannan zama kan wani ƙudiri, na duba rajistar masu halarta tun daga farko har ƙarshe ban ga ƙungiya ɗaya daga Sakkwato ko Kabi ko Zamfara ba. Amurka tun 1995 tana da dokar da ta tilasta wa masu kamun ƙafa su yi rajista su faɗi nawa suka kashe da kuma a kan wane ƙudiri. Shi ya sa muke sanin nasu. Namu a duhu yake.

Dillalin Iri da Taki:
Barista a yi mana adalci. Ni iri nake sayarwa, kuma na san abin da manomi ke sha. Mutum ya sayi gwangwanin irin albasa ko tumatir da tsada, ya shuka, rabin bai tsiro ba don wani ya cika gwangwanin da tarkace ya liƙa tambarin kamfani. Kuma wa zai kashe shekara goma yana tace irin gero mai jure fari in ya san ranar da ya fitar kowa zai kwafa ya sayar? Dokar nan ba ta taɓa irin gargajiya ba. Geronka na gado da dawarka suna nan, ka ajiye ka ba maƙwabci ka sayar a Achida, babu ruwan kowa. Sabon iri mai rajista kawai ta shafa.

Ɗalibin Danfodiyo:
Yallaɓai haka ne a takarda. Amma mu a tsangayar noma an koya mana abin da ya faru a wasu wurare. A Amurka wani tsohon manomi a Indiana, Vernon Bowman, ya sayi waken suya a rumbun hatsi ya shuka, kamfanin iri na Monsanto ya kai shi ƙara, a 2013 Kotun Ƙoli gaba ɗayanta ta ba kamfanin gaskiya. A 2019 PepsiCo ya kai wasu manoman dankalin Turawa ƙara a Gujarat ta Indiya, yana neman sama da rufi miliyan 10 a kan kowane ɗaya daga cikin wasunsu. Ya janye cikin 'yan makonni don ƙasar ta ɗauki zafi, kuma dokar Indiya ta 2001 ta rubuta ƙarara cewa manomi yana da ikon ajiye iri, ya shuka, ya yi musaya, har ya sayar, muddin bai sa shi a buhu mai tambari ba. Manoman Indiya ne suka matsa aka sa wannan. Tamu ba ta kai nan ba. Kuma in shekara ashirin ta wuce, irin gwamnati da na tallafi duk sun zama masu rajista, irin gadon ya ɓace daga rumbu, ina manomin Tangaza zai koma?

Dillalin Iri da Taki:
Wannan tsoron naka yana da tushe, ban musa ba. Amma maganinsa a adana irin gadon, a kuma gyara sashen da ya shafi ƙaramin manomi. Ba a rushe dokar ba.

Alhaji Mai Albasa:
To wa zai tafi shi ce a gyara? Nan take.

Mai Kemis Runjin Sambo:
Kuma ko an je ba a nan take ake samu ba. Lokacin korona Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi a ɗage dokar mallaka na ɗan lokaci, a Oktoban 2020. Ƙasashe sama da 100 suka goyi baya. Kamfanonin magani suka tashi masu kamun ƙafarsu a Washington da Brussels da Geneva. Sai Yunin 2022 aka cimma matsaya, lokacin 'yarmu Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabancin Hukumar Cinikayya ta Duniya, kuma abin da aka samu ya tsaya kan rigakafi kawai, ban da magani da kayan gwaji. Wata 20. Jinkirin kansa riba ne gare su. Amma wanda ya nace yana samu. Habasha ta ja da Starbucks kan sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, a 2007 kamfanin ya sa hannu ya amince sunayen na Habasha ne. Ko dogon yaro da ke ƙofar gidan kowa a garin nan, an taɓa ba wani kamfanin Amurka mallakar maganin feshi daga mansa a Turai, 'yan Indiya suka kawo shaidar sun daɗe suna yi, aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005.

Abu Sudais:
Na janye maganar sokewa, Anti ki yi haƙuri. Amma har yanzu ina ganin mai kuɗi ne ke cin wasan.

Anti Marubuciya:
Ba komai ƙanena. Ni dai in za a rubuta takarda zuwa majalisa kan jar akuya da albasa, ni zan rubuta ta Hausar, Barista ya yi ta Turancin. Kuma a sa batun littattafanmu a ciki.

Baduku Cikin Gari:
Zan yi ma shugabanninmu na dukawa da majema magana ranar Juma'a bayan an sauko. Alhaji kai ma ka taɓa naku. In ƙungiya biyu sunka sa hannu sai mu nemi ɗan majalisarmu in ya zo gida, kar mu bari sai Abuja.

Maman Iklima:
Jama'a ga inda anka kwana. Na tafi ofishin Barista da safe da jakar takarduna. Ashe cikin tsohuwar wayata akwai hoton ledar farko da na ɗora Facebook, da kwanan wata, kuma mai shagon da ya fara karɓar kayana Tsohuwar Kasuwa ya ce littafinshi na bashi yana nan da sunana tun shekarar. Barista ya sa an duba mashi Abuja, rajistarsu ba ta kai shekara ukku ba, kuma sunan kawai sunka yi ma, ban da kala. Ya rubuta masu amsa shafi biyu, na ga an sa ga ambulan. Ya ce in ci gaba da aikina, kuma in shigar da neman rajistar tambarina cikin satin nan, ya faɗa min abin da za a kashe, zan cire daga kwasar adashe mai zuwa. 'Yan matan sun dawo aiki yau, tun hantsi muke ƙulli.

Barista na Arkilla:
Hajiya a ƙara da wannan: kar ki amsa kiran kowa daga wajensu a waya, ki ce a tuntuɓi lauyanki. In wata takardar ta zo, ko ta kotu ce, ki ɗauki hotonta ki turo min a ranar, don kwanakin amsa ƙidayarsu ake yi. Baba Baduku, in kun tsayar da rana ku faɗa min da wuri, Talata da Laraba ina kotu. Ku zo da kirgi biyu ko uku na jar akuya, wanda aka jeme da bagaruwa, ina so ɗan majalisar ya riƙe a hannunsa.